Linkin da Ba Ya Jiran Albashi

Bayan na gama makaranta aiki ya ƙi samuwa, sai na zauna a ɗakina a unguwar Bekaji da ke Jimeta ina tallata kayan kamfanonin intanet. Nakan tura linki a guruf-guruf na hira a waya, duk wanda ya bi ta nan ya saya, a yaga min kamasho.

Kamfani biyu na yi ta aunawa. Na farko kamashonsa da tsoka, amma ba ya kawo kaya Adamawa. Na biyun yana kawowa har Jimeta, shi na ɗauka, sai dai linkinsa kwana ɗaya kacal yake tuna wanda ya danna, in ya saya bayan nan ba ni da kamasho. Mutanena kuwa malaman makaranta ne da ma'aikatan gwamnati, ko cokali ba sa saye sai albashi ya shigo.

Babu dabarar da ban gwada ba. Na yi bidiyo, na sauya hotuna, na koma tura linki a ƙarshen wata, shi kuma albashin ya ƙi zuwa a ƙarshen wata.

Maƙwabciyata, wata malamar firamare da muke kira Adda, ta daɗe tana damuna da tambaya kan injin markaɗe. Wata rana ta sauko daga keke mai ƙafa uku rungume da kwalin injin, bakinta har kunne.

"Ta linkina kika bi, Adda?"

"Wane linki kuma? Ai ka riga ka nuna min, da aka biya mu sai na shiga da kaina. Allah ya yi maka albarka."

Na ce amin, na kai mata kwalin ciki. Kafin in fita ta ce in fara duba mata dutsen guga mai kyau, na wata mai zuwa.