Idon Yaya a Kofin Turare

Ko zan manta komai, ba zan manta safiyar ɗaurin auren yayana ba. Har yau idan na tuna sai na ji raina ya ɓaci.

Yaya mai walda ne a Nasarawa Gwom. Wani ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa masa a idon hagu, har aka cire idon. Likita ya dasa masa ɗan ƙwallo a gurbin ya ɗinke, daga baya aka yi masa ido na roba mai tauri, aka zana shi daidai da launin ɗayan. Kafin nan ya daɗe yana ɓuya a bayan baƙin tabarau, ko majalisa ya daina zuwa. Burinsa ɗaya ne, ya tsaya ranar aurensa da fuskarsa a buɗe. Ni na raka shi asibiti, da kunnena na ji gargaɗin: ruwa da sabulu kawai, kada turare ko ruwan zafi su taɓa shi.

Ana gobe biki ya cire idon ya wanke, ya bar shi a kofi don gurbin ya huta. Sai ga Goggo, yayar babanmu, ta taho daga Anguwan Rogo don turara kayan ango. Goggo ba ta tambaya, aikatawa take yi. Ta turara babbar riga da hula, ta hango kofin, ta zubar da ruwan, ta cika shi da turaren kwalba.

Da safe muka tarar idon ya yi fari, duk ya tsattsage. Na ce, "Goggo, me kika yi?"

Ta ce, "Ango guda, komai nasa na ƙamshi, a bar ido cikin ruwan famfo? Kakanku da ya yi haƙar kuza, idonsa na gilashi ne, bai taɓa cewa uffan ba."

"Wannan na roba ne, Goggo."

"To wa ya aike su yin ido da roba kamar bokiti?"

Wallahi da ba ta haifi kamata ba, da na faɗi abin da za a yi shekaru ana ba ta baki. Yaya kuwa ya tsamo idon daga kofin. Ya juya shi a tafin hannunsa, ya ajiye, ya buɗe akwati ya ɗauko tsohon tabaransa. Ganin haka ya fi komai ƙona mini rai.

An yi masa wani idon daga baya, amma aure ba a maimaita shi. Hoton yana rataye a falonsu, ango sanye da baƙin tabarau, Goggo a gefensa tana murmushi har kunne.

Abin da na koya shi ne, mai ƙaunarka idan ba ya tambaya, ɓoye masa abin da kake ji da shi kamar yadda za ka ɓoye wa ɓarawo.