Sarƙar da Ka Je Karɓowa

Ranar Asabar, 29 ga Mayu, 1999, ina tsakar gidanmu a Fagge ina tsince shinkafa, rediyo na ta bayanin yadda sojoji ke miƙa mulki ga farar hula, sai yayanka Abdulƙahhar ya yi sallama. Hularka ce a hannunsa na dama, a na hagu kuma wani ƙunshi da aka naɗe da takardar siminti. Ya ce wata babbar mota da ta ɗauko kaya daga Singa ta bugi acaɓar da ka hau a Bata, kuma tun kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Na Allah muke, gare Shi muke komawa. Na faɗi haka da bakina, amma har yau zuciyata ba ta gama jin abin da na faɗa ba.

Abdulgani. Shekara biyu muna tare ban taɓa kiran wannan suna ba, saboda kunya. A littattafan da nake karantawa mata kan laƙaba wa mazajensu sunaye masu zaƙi, ni kuwa ban wuce "Malam" ba. Yau da ba za ka amsa ba nake rubuta shi.

Mutanen kasuwar Kwari sun san ka da sayar da atamfa da rashin faɗa da kowa. Ni na san ka a matsayin mutumin da duk Juma'a yakan biya wurin mai hayar littattafai ya karɓo mini sabo, ya miƙo mini yana cewa, "Mahbuba, ga wata ƙaryar an sake bugowa." Amma in na fara karantawa sai ka matso, kana tambaya ko yarinyar ta haƙura.

Kowa a unguwa kuma ya san ka da motar nan da ka gada wurin mahaifinka: tsohuwa, ja, ƙofa biyu, injinta a baya, ga ta ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta. Da ita ka ɗauki Nkechi, matar bakanikenka Okechukwu na Sabon Gari, ranar da naƙuda ta kama ta ana tsananin wahalar mai, babu mota ko ɗaya a titi. Wurin zama bai ishi mutum uku ba, dole mijin ya biyo ku a keke. Ta sauka lafiya. A hanyar dawowa ne injin ya fara wata ƙara, ka ce kamar ana jan sarƙar rijiya a bakin bokiti. Daga ranar ka ajiye ta a garejin Okechukwu.

Wata rana na ji kana gaya wa abokinka a zaure cewa ka aika Legas a nemo maka sarƙa, 'yar waje, ba irin ta kasuwa ba. Ban yi barcin kirki ba a makon nan. Har na zaɓi leshin da zan saka ta da shi. Da na kasa daurewa na tambaye ka ko ta zinariya ce, sai ka yi dariya har da riƙe ciki.

"Ta taimin injin mota ce, Hajiyata. Wuyanki ba zai iya da ita ba."

Na yi fushi na yini guda. Don ka lallashe ni, ka zaunar da ni ka zana mini da gawayi a ƙasa. Ka ce a cikin injin akwai sarƙa biyu, su ke sa komai ya motsa a lokacinsa. Kowace tana da wani ɗan ƙarfe da ke tokare ta don kada ta yi sako-sako, bakanikai na ce masa tenshina. Na tsohon yayi yana riƙe da ɗan mansa ne shi kaɗai a rufe; ranar da man ya tsiyaye sai ya saki, sarƙa ta tsallake haƙori, injin ya cinye kansa. Sabon samfurin kuwa, injin ne da kansa ke shayar da shi baƙin mai ta wani siririn bututu, muddin yana aiki ba zai saki ba. Shi ka yi oda tare da sarƙar. Ka ce ranar da aka ɗaura, ni ce farkon wadda za ta shiga, mu tafi Tiga mu ga ruwa, in ɗauki littafi in karanta maka a hanya.

Saƙon ya iso tashar Sabon Gari ranar da sojoji suka tafi. Ka fita da fara'a kana cewa ƙasa ta samu sabon direba, motarka ma za ta tashi. Shi ne ƙunshin da Yaya ya shigo da shi. Ko kwarzane bai yi ba.

Yanzu ina takaba. Babu kwalli, babu turare, babu sarƙa ko ta azurfa. Wadda kawai ta zauna a ɗakina ita ce taka, ta yi kwanaki a ƙarƙashin gado tana warin mai. Littattafan na tura su cikin kwali. Na gwada buɗe ɗaya, na tarar a cikinsa duk wanda mota ta buge yana farfaɗowa a gadon asibiti ya kira sunan matarsa. Na rufe. Ina ganin ni irin tsohon samfurin nan ce, Malam. Ɗan abin da ka bar mini a zuciya shi nake riƙe da shi, kuma kullum ina jin yana raguwa.

Okechukwu da Nkechi sun zo gaisuwa ranar bakwai. Shi ya tsaya a zaure, ina jin muryarsa ta bayan labule. Ya ce, "Amarya, wallahi tun ranar ban iya ɗaga murfin injin nan ba. Kullum sai in ga kamar zai shigo ya ce, Oga, ka ci kuɗina ka kwanta." Sai kuka ya ƙwace masa.

Yaya ya ce masu sayar da kayan gyara sun zo suna so a ba su motar su yanka ta, su sayar gunduwa-gunduwa. Ya ce shi ba ya son sake ganinta, don ita ta fitar da kai daga gida. Ban ga laifinsa ba. Sai dai in aka yanka ta, babu sauran wani abu a duniya da ka fara wanda za a iya ƙarasawa. Allah bai ba mu haihuwa ba.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Abdulgani, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata makwancinsa, ka sa alherin da ya yi wa Musulmi da wanda ba Musulmi ba ya tarye shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa Hajiya Fanta, da Yaya Abdulƙahhar, da abokan sana'arsa na Kwari, da iyalan Okechukwu. Allah ya ba mu haƙurin da ni dai ban same shi ba tukuna.

Jiya na aika wa malamin da zai raba gado cewa a saka motar a cikin rabona. Ƙunshin kuma na ba Nkechi ta kai wa mijinta. Na ce ya ɗaura.