Fuskar Baba Ayuba

Kun sha tambayata me ya sa nake tilasta muku taɓa yumɓu, alhali fenti kuka zo koya. To, ku ajiye burushi ku saurara. Akwai ranar da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba, ranar da aka kawo Mama Saratu shagon nan daga Assakio.

Kun san ba da zane na tashi ba. Aikin jinya na yi a asibitin gwamnati, tun ina ƙaramar nas har na yi furfura, shi ya sa har yau duk garin Lafia Sista ake ce mini. Da na yi ritaya zaman gida ya nemi ya kashe ni. Sai na ɗauki jakata na zo wajen Oga Danladi, mai shagon nan, wanda a haife na haife shi, na ce ya ɗauke ni koyon aiki. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Haba Mama, ke da ya kamata jikoki su riƙa yi miki tausa?" Na ce shi dai ya miƙo mini fensir. Daga fensir na shiga gawayi, daga nan fenti, na taɓa rini, na taɓa sassaƙa, sannan wata mai tukwane a Adogi ta koya mini yumɓu. Oga har suna ya sa mini, wai Sista mai kwaɗayi.

Ga wanda bai sani ba, yawancin aikinmu na mamata ne. In an shekara da rasuwar dattijo, iyalinsa sukan yi taron tunawa a coci, a kafa babban hotonsa a gaba. Sai su kawo mana ƙaramin hoto, mu ja masa layuka gida-gida, mu faɗaɗa shi a kan kyalle da fensir, sannan mu bi da fenti. Dokar shago kuwa ɗaya ce: wanda ya kawo aiki shi ke cewa ya yi ko bai yi ba.

Da damina wani ma'aikaci daga Abuja mai suna Bitrus ya kawo aikin mahaifinsa, Baba Ayuba, manomin doya a Assakio. Gidansu ya taɓa ƙonewa, hotuna duk sun tafi. Abin da ya rage wani tsohon katin shaida ne da ya sha wanki a aljihu, fuskar ta zama inuwa kawai. Bitrus ya ce a sa wa babansa kwat, a gyara masa fuska sumul, ya fito kamar babban mutum. Oga ya ba ni aikin, shi ne babban aikina na farko. Na dubi fuskar Bitrus na ƙara mata shekaru, na sa kwat. Da ya gani ya ce madalla.

Ranar ɗauka sai ya zo da mahaifiyarsa, Mama Saratu, don ya kai ta asibitin ido. Yadda ta laluba ƙofa kafin ta shigo, na san irin ciwon nan ne da ba ya komawa baya. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa kyallen. Sannan ta shafa shi da tafin hannu daga sama har ƙasa, ta ce, "Babu kowa a nan."

Bitrus ya ce, "Mama, ya yi kyau, mu tafi."

Ba ta kula shi ba, ta juyo wajena. "Sista, idona yana tafiya, fuskar maigida ma yana tafiya. Yau da safe na neme shi a cikin kaina, ban samu ba. In ido ya rufe ban gan shi ba, ina zan same shi kuma?"

Oga ya ja ni gefe ya tuna mini doka, wai mai aiki ya karɓa, magana ta ƙare. Raina ya ɓaci, na ce, "Oga, duk shekarun da na yi ina jinya ban taɓa sallamar mara lafiya don ɗan rakiya ya ce ya warke ba." Ya ce taro saura mako guda, in hoto bai fito ba sunan shagonsa ne zai ɓaci, kuma ni zan yi wa Bitrus bayani. Na ce na ji. Na roƙi Bitrus ya bar mini hoton, ya yarda yana ɓata rai.

Washegari da safe na cika bokiti da yumɓu na hau motar Assakio. Muka zauna a gindin mangwaro, na gina kai irin na kowa, ba kamannin kowa, na ɗora hannunta a kai. Ta fizge, ta ce ita ba ta taɓa gunki. Na ce, "Mama, ba na bauta ba ne, awo ne, kamar yadda tela ke auna mutum." Ta mayar da hannunta kan yumɓun. Na tambaye ta yaushe rabonta da taɓa fuskarsa. Ashe tun da hannunsa ya fara rawa, ita ke yi masa aski duk Asabar saboda zuwa coci.

Na ce, "To ki rufe ido, yau Asabar ce, ki yi masa aski."

Ta fara bin yumɓun da babban yatsa. Da ta kai kumatun hagu ta ce nan ya yi yawa, haƙoransa na wajen sun zube, ta danna ciki. Ta karkatar da hanci inda ƙotar fartanya ta taɓa bugunsa. Ta ja tsagen gado da farcenta, waɗanda ni na shafe su tun ban san da su ba. Ni nawa jiƙa yumɓu da ƙara mata inda ta nema. Rana ta karkata muna nan, ko ruwa ba ta sha ba.

Can sai hannunta ya tsaya. Ta tallafi haɓar, ta yi magana a hankali da yarensu. Matar ƙanin Bitrus da ke daka a gefe ta yar da taɓarya ta shige ɗaki tana kuka. Daga baya ta gaya mini abin da tsohuwar ta ce: "Ɗaga kanka, kada in yanke ka." Abin da take gaya masa ke nan duk Asabar. Na ga mutuwa iri-iri a asibiti ban yi hawaye ba, amma ranar na yi.

Na naɗe kan da jiƙaƙƙen zane na ɗora a cinya har Lafia. Na shafe aikin farko gaba ɗaya, na ajiye yumɓun a gabana na zana daga gare shi. Kwat ɗin ma na cire, na sa masa rigarsa ta coci da hula. Sai ga Bitrus ya zo gaban hoton. Ya tsaya ya daɗe, ya ce, "Wa ya ce ki sa tsage?" Na ce mamarka. Ya cire tabarau ya share ido, ya ce, "Haka yake kallona in na makara zuwa gona." Da kansa ya ɗauka ya kai mota. Oga kuwa a makon ya share lungun can ya ce na yumɓu ne.

Kan kuwa na kai Adogi aka gasa shi tare da tukwane, na mayar mata. Kafin a haƙa doya idonta ya rufe gaba ɗaya. Hoton da aka yi ta yabo a taro ita ba ta gan shi ba.

Abin da na koya ke nan, yarana. Mutanenmu kan kawo aiki suna neman a gyara musu mamaci, amma a kowane gida akwai wanda yake nemansa yadda yake. Ku nemo shi, ku tambaye shi da me ya san fuskar, da ido ko da hannu, sannan ku zaɓi kayan aiki. Kwanan baya na bi ta Assakio ran Asabar. Na tarar da Mama Saratu a gindin mangwaron, kan yana bisa cinyarta, tana goge masa haɓa da jiƙaƙƙen tsumma.