Uwar Maƙerar Kawu

Mun tashi da asuba daga Zango, unguwar baƙi a ƙasar Asante, ni da kawuna, da uwar maƙerarsa a cikin buhu. Lokacin an ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa. Kawu kuwa tun yana saurayi ya zo daga Damagaram, ya tsufa yana ƙera butoci da mundayen tagulla, takarda ba ta taɓa zuwa masa a rai ba. Motar da za ta kwashe su ba ta ɗaukar ƙarfe mai nauyi. A gidansu kuma ba a sayar da uwar maƙera, sai wanda ya taɓa yi maka zuga ne zai gaje ta. Yaransa duk sun riga shi tafiya.

A tashar Adum direba ya jinjina buhun, ya ce sai an biya masa kujera. Kawu ya biya, ya ce ai ta girme mu duka. Hanya jar ƙasa ce, ga 'ya'yan koko an shanya amma masu juya su sun tafi. Gasasshiyar ayabar da na saya ma, Kawu bai taɓa ba.

Ƙaramin garin da muka sauka na masu zubin tagulla ne. Da kakin zuma suke siffanta abu, su lulluɓe da yumɓu, su narkar da kakin, su zuba ƙarfe a gurbinsa. Nan muka sami wani dattijo Ba'asante, tsohon abokin cinikin Kawu. Ya ɗauko kuɗi zai sayi uwar maƙerar, Kawu ya girgiza kai, ya gaya masa al'adar.

Dattijon ya sauke mayafinsa daga kafaɗa, ya ɗaure a ƙugu, ya zauna a ƙasa gaban zugazugi, furfura fal kansa.

"Kramo, ga yaronka," in ji shi, da sunan da suke kiran Musulmi.

"A hankali, yaro, kada ka kashe mini wuta," in ji Kawu.

Jama'a suka yi dariya. Ni kam hawaye ne suka zo mini. Munduwa ɗaya Kawu ya ƙera, ya shafa uwar maƙerar, ya tashi bai waiwaya ba.

Mun dawo da magariba, buhu a ninke a hammatarsa. Tafiyar ta koya mini cewa gado ba sai da jini ba. Yanzu Kawu ya tafi. Maƙwabtan da suka sha ƙorafin ƙarar masabarsa, su ne ke tsayawa a ƙofar maƙerar su yi jugum.