Innata da Ƙwayoyin da Baba Yake Rabawa

Shekara ashirin da uku ke nan da muka kai Inna makwancinta a Badaguishiri. Duk shekara in watan ya kama, ba jinyarta nake tunawa ba, jinyar da ta yi wa Baba nake tunawa, lokacin da tarin fuka ya shigo mana gari a ƙarshen shekarun tamanin.

Waɗanda suka dawo daga cin rani aka fara ji suna tari. Kafin a cire albasa ciwon ya bi gidaje, daga kwarinmu har ƙauyukan Malbaza da Konni. Sai ka ga ƙato da ya saba ɗaukar buhu ya koma ƙashi da rai. Gwamnati ta turo ma'aikata, ana karɓar kakin mai tari a kai Illela a duba, wanda aka samu da ciwon a yi masa allurai, sannan a riƙa ba shi ƙwayoyi wata da watanni, kyauta. An samu Baba da shi.

To, wanda ya san Baba ya san hannunsa ba ya riƙe abu. Goro ɗaya sai ya fasa shi gida huɗu. Maganarsa kullum ita ce, kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Da ya gama allurai ya ji sauƙi, sai ya zuba ƙwayoyin a aljihun da yake zuba goro. Ƙanensa, Baba Sani, yana tari amma yana jin kunyar a gan shi a gidan likita, sai Baba ya ɓallo masa biyu. Maƙwabci ya yi tari a bakin lambu, shi ma a miƙa masa. Mutane suna ta sa albarka, har jini ya dawo wa Baba a kaki.

Majo, wato shugaban ma'aikatan gidan likitanmu, ya kira Inna gefe. Ya gaya mata rabin magani ba ya kashe wannan ciwo, ƙarfi yake ƙara masa, kuma in aka ci gaba haka mijinta ba zai ga wata damina ba. Na ga Inna ta dawo ta zauna bakin murhu ba ta hura wuta ba. Ranar na ji tsoro ƙwarai.

Ta san in ta ce wa Baba ya daina kyauta, ta ɓata bakinta ne kawai. Sai ta ari amalanken jaki, ta bi gidajen da ake shan maganin mijinta. Ta roƙi wannan, ta tsokani wancan, ta ce da Baba Sani ashe gemunsa na tsoron allura ne. Haka ta kwashe su zuwa gidan likita, kowa ya samu nasa rabon, Baba ya rasa wanda zai ba.

Duk da haka ba ta yarda da aljihun nan ba. Ta karɓe ƙwayoyin. Kowace safiya sai ta zo da moɗar ruwa ta durƙusa, ya haɗiye tana kallo.

“Malam, buɗe bakinka in gani.”

“Mi kika ce? Gaban ɗiyana?”

“Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Buɗe.”

Matar da ko sunansa ba ta taɓa faɗi ba! Mu yara muka riƙa ɓuya bayan rumbu muna dariya. Gari ya ɗauka cewa an mallake Malam, Baba ya yi fushi, ya yi kwanaki ba ya cin tuwonta. Ita ko a jikinta, gari na wayewa tana nan da moɗarta, har ranar da majo ya ce ya warke.

Yau in na shiga gidan likita na ga ma'aikaciya tana tsaye sai mai tarin fuka ya haɗiye magani a gabanta, nakan ce ina ma Inna ta gani. Na san dariya za ta yi, ta ce ashe abin da aka zage ta a kansa har albashi ake biya. Za ta yi murna da jin an rage watannin magani. Amma za ta yi faɗa in ta ji har yanzu akwai masu ɓoye tari don kunya, da masu jin sauƙi su watsar da magani su kama hanyar Najeriya.

Inna ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, ba ta bar gona ko shanu ba. Abin da ta bari mutane ne, waɗanda ta ɗora a amalanke, da 'ya'yan da suka haifa bayan sun warke. Har yau a unguwarmu in tari ya daɗe wa mutum, matan gida ba sa jira ya yarda, ɗaukarsa suke yi.

Baba ya yi shekara tara a bayanta, yana noman albasarsa, yana fasa goronsa. Ranar da muka rufe ta, Baba Sani ya kamo hannunsa za su tashi daga bakin kabari, Baba ya ƙi tashi. Ya ce, “Sani, da ta bar ni da halina, da ita ta yi mini takaba tun tuni.” Sannan ya yi kuka a gaban 'ya'yansa, bai ɓoye fuska ba.

Allah Ya jiƙan su, Ya sa can ta fi musu nan.