Fartanyar Mijina

Lokacin da aka kulle Jalingo saboda korona, dokar ta bar manoma su riƙa zuwa gona. Cikin sati ɗaya kowa a unguwarmu ta Mayo Gwoi ya zama manomi. Tela da malamin makaranta da mai gyaran waya, kowa fartanya a kafaɗa. Ni kaina da ita nake zuwa sayen gishiri. Jami'an da ke shingen hanya sun san mu sarai, mu ma mun san sun sani, kuma ba wanda ya taɓa tayar da maganar.

Kullen ya rutsa da mijin ƙanwata a gidanmu. Ma'aikaci ne a Abuja, ya kawo matarsa unguwar Sintali wurin Mama don haihuwar fari, shi ya sauka wurinmu, sai aka rufe hanya. Kullum yana kan waya yana gaya wa abokansa muna kurkuku, su kuma suna ta jajanta mana. Ni ina gefe ina gyaran wake. Haushinsa nake ji, amma baƙo ne.

Wata safiya Mama ta kira, naƙuda ta tashi, yarinyar sai kiran mijinta take yi. Maigidana ya miƙa masa fartanya da tsohon silifas. Ya ƙi karɓa. Ya ce shi ba zai yi ƙarya ba, gaskiya zai faɗa, ai jami'an ma mutane ne. Ya sa takalminsa mai ƙyalli, ya ɗauki katin aikinsa. Na saɓa tawa fartanyar muka kama hanya.

A shingen ya tsaya ya yi bayani da Turanci, da ƙarfi, har babbansu da ke cikin mota ya leƙo. Wani ƙaramin jami'i ya matso kusa da ni.

"Madam, wannan ɗan'uwanki ne? Me ya sa bai riƙe fartanya ba? Yanzu oga ya ji, ba yadda zan yi."

Aka zaunar da shi ƙarƙashin bishiya. Ni na wuce da fartanyata.

Kafin azahar ta haihu, mace. Ni na riƙe mata hannu. Sau uku tana tambayata ina yake, ina cewa yana hanya. Na tausaya mata ƙwarai, shi ma na ɗan tausaya masa.

Daga baya na ji cewa da rana ta take sun sallame shi ya koma gida. Sai wajen la'asar ya shigo Sintali, ƙafafunsa cikin silifas ɗin maigidana, fartanya a kafaɗa, ya riƙe ta a karkace. Mama ta tambaye shi yadda aka yi ya wuce.

Ya jingine fartanyar a bakin ƙofa, bai kalli kowa ba. Ya ce jami'in nan na safe ne ya ɗaga masa igiya, har da ce masa, "Sannu da aiki, manomi."