Takalmin Shugaba Ya Tafi Baure

Ni na ɓoye takalmin, gara in faɗa tun da farko. Ƙafa ɗaya ce ma, ta dama.

Wani hutu Baba ya tafi da ni Katsina taron likitocin dabbobi, don Inna ta rantse idan aka bar ni gida kwana uku sai an sake ginin gidan. Rana ta biyu aka kwashe mu a bas zuwa Daura kallon rijiyar Kusugu. Tun daga tasha shugaban taron, wanda shi ne maigidan Baba a ofis, yake kirana "jelar Likita", mutane suna dariya. Na ƙulle shi a raina.

A ƙofar rijiyar kowa ya tuɓe takalmi ya shiga. Na shugaba ya fi na kowa ƙyalli, mutum zai iya aske gemu a cikinsa. Na ɗauki ƙafa ɗaya na cusa ƙarƙashin buhunan gero a bayan wata a-kori-kura da ke tsaye. Nufina ya yi ɗingishi na minti biyar. Na shiga, aka ba mu tarihi, na sha ruwan har sau biyu.

Da muka fito, babu a-kori-kurar.

"Ta tafi Baure," in ji wani mai rake.

Shugaba ya fara faɗa, jama'a suka taru, idanu suka koma kan wani mai gyaran takalma da ke zaune gefe da akwatinsa. Aka zazzage akwatin a ƙasa, ƙusoshi suka watse.

"Alhaji, me zan yi da ƙafa ɗaya?" in ji mai gyaran.

"Ka faɗa wa alƙali," wani ya ce. "Yanzu ba da ba ne, an san hukuncin ɓarawo."

Mai gyaran ya dubi hannuwansa. Wani ya riƙe masa wuyan riga. Na dubi Baba, na tuna ƙarin girman da yake jira shekara uku, wanda sai shugaba ya sa hannu. Sai da suka fara jan mutumin na yi ihu.

"Ni ne! Ku sake shi, yana cikin gero!"

Baba bai dake ni ba. Ya durƙusa a gaban abokan aikinsa ya tsince ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Malam, ka yafe mana, ɗana ne." Wannan ya fi mini bulala ɗari zafi.

Mai gyaran ya karɓi akwatinsa ya tafi.

Takalmin bai dawo daga Baure ba. Shugaba ya sa na Baba, Baba ya matse ƙafa cikin silifas ɗina, ni kuwa na koma Katsina ba takalmi. Ƙarin girman sai bayan shekara biyu ya fito.